Ƙwaryar da Aka Ɗora wa Baraka

"Ba ni yi, Yaya Gide. In wasa kake ma, ka bari."

Baraka ce ke magana a bayan rumbun gidansu, a wata 'yar unguwa kusa da Ruwan Godiya. Gide, malamin firamare a Faskari, wanda shekara biyu ke nan yana nemanta, ya jingine babur ya matso.

"Haba Baraka tawa... tahiya ce fa kawai. Daga bakin rijiya zuwa gindin tsamiya. Ki ɗaura saƙi, ki saɓa ƙwarya, ki durƙusa ki zuba. Shi ke nan."

"In zuba mi?"

"Giya za a ce. Amma kunu ne a ciki."

"Mu da muka musulunta yau shekara biyar? Ka san wuyar da Baba ya sha kahin a daina nuna shi a kasuwar Sheme?"

"A Faransa kaɗai za a nuna fim ɗin, masoyiyata. Wa kika sani a Faransa?"

Ba ta san kowa ba. Ta hau murza bakin mayafinta.

Duk abin nan saboda wani Bafaranshe ne, Lusiyan, mai shirya silima. Shekara ashirin ya yi yana wannan sana'a a ƙasarsu. Da fari sunansa ya tashi, daga baya 'yan kallo suka gaji da shi, ya gangara gidan talabijin yana haɗa 'yan shirye-shiryen da ake cike gurbi da su. Ya tsinci Hausarsa a Maraɗi, ya tsallako neman mutanen da zamani bai taɓa ba, ko Allah zai sa ya farfaɗo.

Sai dai ya makara. Kuɗin man fetur sun riga shi isowa. Ya tarar da rufin kwano, da rediyo a rataye a wuyan manoma, da 'yan mata cikin atamfa. Ransa ya ɓaci kamar an yi masa sata.

Bai haƙura ba. Ya sa aka shimfiɗa ciyawa a kan kwano, aka zuba rediyoyi a rumbu, har agogon mai unguwa sai da aka cire. Saura budurwar da za ta kai giya gindin tsafi. Kuma ya yi wa Gide alkawari, in ya samo ta, zai nema masa wurin koyon aikin silima.

"Ki yi don ni," Gide ya ce a hankali. "Gabana ne, kuma gabana ai naki ne."

So ya ci Baraka, ta yarda. Suka bari sai da mahaifinta, Malam Almu, ya tafi Sabuwa ta'aziyya.

Gide da hannunsa ya ɗora mata ƙwaryar a kafaɗa. Ta yi tafiyar tana jin iska a wuyanta inda mayafi ya saba rufewa, kunya kamar ta nutse. Lusiyan yana bayan na'urarsa yana ta cewa a sake, har rana ta yi tsaka. Kakarta Dada, wadda ita kaɗai ta rage a kan addinin da, tana zaune gefe tana dariya.

"Yo ko a zamaninmu wa ya taɓa aiken budurwa wurin nan? Aikin maza ne!"

Bature ya ji ta sarai, ya yi kamar Hausarsa ta ƙare.

Ya tattara ya tafi, aka sauke ciyawa, rediyoyi suka fito. Damina biyu suka wuce. Takardar koyon aiki ba ta zo ba, amma maganar aure ta yi nisa. Mahaifin Gide, Alhaji Lawwali, ɗan kwangila ne a Kankara, kuma da ƙyar ya amince da 'yar sababbin musulunta. Sai da ya aika aka bincika, aka shaida masa Malam Almu ba ya fashin sahun gaba. Aka kai goro, aka sa rana bayan kaka. Baraka har ta fara haɗa 'yan kwanukanta.

Alhaji ne ya fara kawo talabijin unguwarsu, da injin wuta da dogon ƙarfe a kan soro. Kullum bayan magariba ana fito da ita ƙofar gida, unguwa ta taru. Ran nan mai gabatarwa ya ce ga wani fim da ya ciwo kyauta a Turai, a kan Maguzawan da har yau ba su san Allah ba.

Yadda labari ya iso wa Baraka, an ce da fari dariya ake yi. Sai ga ta ta cika akwatin, kafaɗa a waje, ta durƙusa a gindin tsamiya tana tsiyayarwa. Wata mata ta ce, "Wannan ba surukar gidan nan ba ce?" Alhaji ya miƙe ya sa aka kashe inji. Gide yana zaune a tabarma ɗaya da shi.

Bayan kwana uku aka aiko a karɓi goro.

Malam Almu bai daki 'yarsa ba, da ma dukan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, ni na yarda da ke. Mutane fa?"

Juma'ar da ta biyo baya ya je masallaci, wanda ke kusa da shi ya janye kafaɗa, ya bar fili tsakaninsu. Ya dawo bai ci tuwo ba. Baraka ta ga tsohon da ya yi shekaru yana gyara sunansa ya koma zaman zaure, kuma ta san ita ta jawo. Amma zuciyarta ba ta saki Gide ba. Kullum tana cewa zai yi magana.

Sai bayan mako biyu ya zo, da hantsi, ya tsaya nesa da ƙofa. Ya rame.

"Baraka... ban iya barci."

"Ni ma haka. Ka hwaɗa ma Alhaji?"

"Shina cikin hushi yanzu. Ki bari ya huce."

"Tambayarka na yi. Ka hwaɗa mishi kai ka roƙe ni? Ka ce mishi kunu ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya rantse duk mai hannu cikin abin nan ba shi ba shi. In ya ji ni ne, tsine mani zai yi, Baraka. Mahaihina ne fa."

"Nawa fa? Itace ne?"

Ya laluba aljihu ya fiddo wata takarda, wai ko za ta sanyaya mata rai.

"Lusiyan ya rubuto. Fim ɗin ya dawo mishi da sunanshi, har an ba shi sabon aiki. Ya ce a gaishe ki, ya ce ke ce hasken fim ɗin..."

Baraka ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Madalla. Shi ya tashi, kai kana gidanku lahiya lau. Mu kaɗai muka zuba giya."

"Wallahi ina sonki."

"Na sani. Ni ma ina sonka, shi ne abin haushin." Ta share ido da bakin mayafi. "Saurara, Yaya Gide. Liman shina zaure tare da Baba yanzu haka, shi ma bincike ya kawo shi. Da na ji ƙarar babur ɗinka na shiga na shimhiɗa maka tabarma. Ban ce ka aure ni ba, wannan na bar ma Allah. Ka shiga ka hwaɗi abin da ya faru, ka wanke tsohon nan. Taku goma ne."

Gide ya dubi ƙofar zauren. Ga takalman liman a bakinta, ga muryar Malam Almu tana fitowa ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga ƙafa, ya yi taku biyu. Baraka har ta fara gode wa Allah.

Sai ya tsaya.

"Liman ya san Alhaji," ya ce. "Kahin la'asar magana ta kai Kankara."

Ta dube shi, shi kuwa ya kasa dubanta.

"Ki yahe mani... zan dawo."

Sau uku yana taka babur kafin ya tashi. Ta tsaya tana jin ƙararsa har ta ɓace a hanyar Sheme. Hawaye suka zo, ta bar su suka gama zuba, don ba ta son Baba ya gani. Sannan ta gyara mayafinta ta yi sallama a zaure.

Dattawan biyu suka ɗago suna duban bayanta.

"Ina baƙon namu?" Malam Almu ya tambaya, da ɗan haske a fuskarsa.

"Ba ya shigowa, Baba."

Ta durƙusa ta naɗe tabarmar.