Hoton Idon Baba

Ranar da masu duba ido suka zo Jega, Hanan ta kawo babanta Malam Barau, wanda ciwon suga ya fara dushe wa gani. Nan ta ga Nuraddeen, ɗalibin kimiyya daga Aliero, riƙe da na'urar da ya ƙera, gilasai a jere cikin bututu, manne da waya, tana ɗauko hoton can cikin ido.

Sai dai fa ba ta ɗauka sai an matso. Nuraddeen ya kai fuskarsa dab da ta tsohon, ya ce kada ya ƙifta. Hanan kuwa ita ta kasa ƙiftawa.

Kafin wata ya ƙare saƙonni sun yi nisa.

"Hasken idona, yau ko abinci na kasa ci."

"Injiniyana, ci mana. Wa zai aure ni in ka rame?"

Da magabatan Nuraddeen suka je, Malam Barau ya ce atafau. Yaron da ya zura masa ido har yana ba shi umarni, ina kunyar surukuta a nan? Ga Jabir ɗan Maiyama da shi ma ke neman ta, in ya zo gaisuwa ƙasa yake kallo. Ya ƙi auren, ya ƙi a sake hoton, alhali likita ya ce akwai ɗigon jini a idon.

Hanan ta rasa inda za ta sa kanta. Nuraddeen, bawan Allah, ya koma kan gilasansa. Ya ƙara wannan, ya ja wancan baya, hoto ya fito dishi-dishi, ya kwance ya sake. Har ya samu jerin da ke ɗauka daga nesa, waya tana ƙasa a ƙarshen igiya.

Ya zo ya durƙusa a zaure, Hanan ta saita bututun a idon babanta. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, jinin ya ƙaru. Ko ba a ba ni ita ba, don Allah a tai asibiti gobe."

Tsohon ya nemi hularsa.

Aka yi aiki, ido ya tsira. Bayan sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Barau ya daɗe yana kallon fuskarta, hawaye na zuba.

"Ɗiyata, na gan ki sarai. Allah shi yi muku albarka, ke da mijinki."