Muryar Tsawa

"Mu sake ɗauka!" in ji Tsawa daga cikin ɗakin gilashi.

"Wallahi ba zan sake ba!" Auta ta cire abin ji daga kunnenta ta dangwarar a kan na'urar haɗa sauti. "Sau goma sha ɗaya ke nan. Likita cewa ya yi ka rage magana, kai kuma tun safe kake ihu a makirufo!"

Shekara uku ke nan tana haɗa masa kiɗa a wannan ɗan ƙaramin sitidiyo, a nan kuma soyayya ta shiga tsakaninsu. Muryarsa ce ta jawo masa sunan Tsawa, don in ya hau dandamali ya fara zubo baitocin hip-hop, har a ƙirji mutum yake jin ta. Yanzu kuwa ta dushe, tana karyewa a tsakiyar baiti. An gano ƙari a maƙogwaronsa, ranar Alhamis za a yi masa aiki, kuma likita bai ɓoye musu ba: muryar za ta iya dawowa, za ta iya tafiya ke nan.

Ya fito yana tari. Ya yi saurin dunƙule hankicinsa, amma ta riga ta ga jan da ke jiki.

"Jini ne...?"

"Ɗan kaɗan ne, zuciyata. Ki bar ni in ƙarasa waƙar nan. Ita ce ta ƙarshe."

"Kar ka ƙara cewa ta ƙarshe!"

Ya zauna gefenta, ya sunkuyar da kai. "Babanki ya yi gaskiya, Auta. Cewa ya yi ba zai ba wa mutumin da duk jarinsa murya ce 'yarsa ba. To ga shi jarin ma zai ƙare. Ki bi maganarsa, ki rabu da ni tun yanzu..."

"Kai ma korata za ka yi?"

Ta ɗauki kwamfutarta ta fice, hawaye na zuba.

Da la'asar tana ɗakinta tana gyara abin da suka ɗauka, sai ta fizge wayar abin ji ba ta sani ba. Kiɗa ya cika gidan, dusasshiyar muryar Tsawa a kansa:

"Taurari za su mutu ɗaya bayan ɗaya,
rana ta kumbura ta haɗiye duniya,
sanyi ya rufe komai, ba sauran hayaniya,
to wa zai tuna na taɓa kiran ki masoyiya?"

Kafin ta kashe, Baba ya tsaya a bakin ƙofa, tabarau a hannu. Tsohon malamin kimiyya ne, kuma shi ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta bar sitidiyon da mai sitidiyon.

"Mayar da shi baya," in ji shi.

Ta mayar. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba.

"Wa ya gaya masa wannan?"

"Ni ce, Baba. Kai ka gaya min ina 'yar shekara tara. Na yi sati ina tsoron ɗaga kai in kalli sama."

"To ai bai fahimta ba. Abin da masana suka hasaso sai bayan shekaru biliyoyi ne, sauran sanin kuma na Allah ne. Shi kuwa yana rera shi kamar jibi za a yi."

"A wurinsa jibin ne, Baba..."

Kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa ta gaya masa komai: ƙarin, jinin, aikin Alhamis. Ta jira faɗa, ta jira ya ce ai dama ya faɗa. Baba ya dai mayar da tabaransa, ya juya ya fita. Kwana biyu bai ce mata uffan ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa firgita ta.

Ranar Alhamis da safe ta tsaya a ƙofar ɗakinsa. "Baba, zan je asibiti. Ka yafe min, ba zan iya zama ba." Ba a amsa ba. Karon farko ke nan a rayuwarta da ta fita ba da izininsa ba.

Ta tarar da Tsawa kwance a kan gado mai taya, an sa masa koriyar riga. Mutumin da yake tsayawa gaban dubban jama'a bai ko ƙifta ido ba, yau ya ƙanƙame ƙarfen gado.

"Tsoro nake ji, Auta. In na farka na buɗe baki, shiru fa?"

"Ina nan, rabin raina. Ko me aka ce, ina nan."

Sai ta ji gyaran murya a bayanta. Baba ne, yana haki saboda hawan matakala.

Tsawa ya yunƙura zai tashi, Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Kwanta, ɗana. Shekara talatin ina koyar da darasin nan ɗalibai suna hamma. Ban taɓa samun wanda abin ya shige shi ba sai kai." Ya nisa. "In ka tashi, ka turo magabatanka."

"Baba... in muryar ba ta dawo ba fa?"

"Ai ba kai za ka yi maganar ba, su za su yi."

Ana tura gadon, Tsawa yana dariya yana hawaye.

Awa huɗu suka yi a kan bencin ƙarfe. Duk buɗe ƙofa sai Auta ta miƙe zumbur, Baba ya riƙo hannunta ya zaunar da ita. Daga ƙarshe likita ya fito yana cire hular aiki. An cire ƙarin duka, in ji shi, rai ya tsira, amma sai da aka taɓa jijiyar murya.

Tsawa bai ƙara hawa dandamali ba. Bayan sati shida muryar ta dawo, sai dai raɗa ce kawai. Ya koma rubuta wa wasu baitoci, ita tana haɗa kiɗan, wani lokaci kuma takan gan shi yana motsa baki a bayan mawaƙin, idonsa ya kaɗa.

Wata huɗu bayan aikin aka ɗaura musu aure. Da jama'a suka watse, ya matso kusa da kunnenta, ya tattaro duk abin da ya rage masa, ya ce, "Matata."

Ta ji shi sarai. Ta share hawaye, ta ƙara matsawa jikinsa.

"Me ka ce? Ban ji ba..."