Dariyar Ranar Suna

Ƙamshin waina da miyar taushe ya cika gidan Hajiya Rumasa'u da ke Mitchellville a Amurka, ranar sunan jikarta ta fari. Maza suna falo, mata sun mamaye kicin, amma babu bango a tsakani, duk abin da aka faɗa can ana jinsa nan. Radiyya, autar gidan, tana zagayawa da tiren kunun aya, idonta na kan ƙofa.

Fatihu take jira. Manya sun daɗe da sanin maganarsu, sa rana kawai ya rage. Aikin kwamfuta yake yi a wani kamfani a Manassas, aikin da Hajiya ke tinƙaho da shi a gaban ƙawayenta. Abin da ba ta sani ba shi ne yana shirin ajiye shi. Tun ranar da abokan aikinsa suka ja shi yawo a ruwan Annapolis ya kamu da son jirgin ruwa mai tafiya da iska, har ya ƙudura zai mai da tuƙinsa sana'a. Radiyya ta sani sarai. Amma da Kawu Ɗanliti, ƙanen Hajiya, ya tambaye ta da safe me yaron ke ciki, sai bakinta ya yi nauyi, ta ce mastas zai tafi yi a fannin injiniyan jiragen ruwa.

Fatihu ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gai da manya.

"A'a, injiniya!" in ji Kawu Ɗanliti. "Radiyya ta ba ni labari. Wace jami'a ce za ta ba ka mastas ɗin?"

Fatihu ya ɗago ya dubi inda take tsaye. Ta sunkuyar da kai.

"Ba mastas ba ne, Kawu," ya ce a hankali. "Makarantar koyon tuƙin jirgin ruwa zan shiga. Kyaftin nake son zama."

"Tuƙi? Wato fito! Ɗana, ka tsallako teku ka zo Amurka don ka zama ɗan fito? Ai da ka yi zamanka a Yawuri!"

Falon ya kaure da dariya. Daga kicin wata ta ɗaga murya, "Radiyya matar mai kwale-kwale!" Idanu suka dawo kanta. Ba ta san lokacin da ita ma ta yi dariyar ba, har da rufe baki da gefen mayafi. Fatihu ya gan ta. Ya shanye kunun da aka ba shi, ya yi wa jaririya addu'a, ya fita.

Baƙi na watsewa Hajiya ta tare ta a kicin.

"Kin ga irin kunyar da kika ja min? Ki gaya masa, in ya ajiye aikin nan, ya ajiye ki tare da shi!"

Radiyya ba ta gaya masa ba, don bai kira ba. Ita ma in ta ɗauki waya sai ta tuna yadda ya dube ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da abin ya ishe ta, ta ja mota ta nufi Manassas, gidan yayarsa Anti Sailuba inda yake zaune.

Anti Sailuba ta amsa gaisuwar ba yabo ba fallasa.

"Ai kin samu abin da kike so," ta ce. "Ya kira makarantar Florida ya ce su ba wani gurbinsa. Ta Annapolis zai shiga."

Wata da watanni Fatihu yana zayyana wa Radiyya bambancin makarantun nan biyu. Ta Annapolis Asabar da Lahadi ake zuwa, ta masu neman nishaɗi ce. Ta Florida kuwa a cikin jirgin ɗalibi zai tare, ya yi watanni a teku ba hutu, sannan ya zauna jarrabawar lasin.

Suna cikin haka Fatihu ya dawo daga ofis. Ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Fatihu, me ya sa ka fasa?"

"Ta Annapolis ma ba laifi. Zan riƙe aikina, Hajiya ta huce, ke kuma ba za ki sake neman abin da za ki faɗa wa mutane ba."

"Amma kai ka ce ba wanda zai ba ka jirginsa in ba ka kwana a teku ba!"

"Ni na faɗa."

"To?"

"Radiyya, ƙaryar ba ta dame ni ba, na san tsoro ne. Dariyar ce ta tsaya min a wuya."

Kuka ya kece mata. Ta durƙusa nan tsakar falo ba ta ko damu da Anti Sailuba ba.

"Wallahi tun ranar ban ji daɗin abinci ba. Ka yafe min! Kuma don Allah kada ka bar abin da kake so saboda ni, in ka yi haka ba zan ƙara iya haɗa ido da kai ba. Kira su yanzu!"

Ya ciro waya ya kira makarantar Florida. Matar da ta ɗauka ta ce an riga an ba wani gurbin, sai dai ya jira sabon aji a Janairu. Radiyya ta ji maganar kamar mari, don ta san ita ta ja masa. Ta share hawaye ta ce ya tambaye su batun salla da abinci. Matar ta ce ɗalibai ne ke girki da kansu, salla kuwa ya shirya da malaminsa a raba aiki yadda ba zai rasa ta ba. Aka rubuta sunansa.

Da ta koma gida ta tarar da Abbanta da Hajiya da Kawu Ɗanliti a falo. Ta zauna a ƙasa.

"Kawu, ƙarya na yi maka ranar suna. Fatihu bai taɓa cewa mastas zai yi ba, ni na ƙirƙira. Florida zai tafi koyon tuƙi, kuma ni na roƙe shi ya tafi."

"Ke kika roƙe shi?" Hajiya ta miƙe. "Innalillahi! Alhaji, kana jin 'yarka?"

"Na ji ta," in ji Abba. "Yaron ya faɗi gaskiya a gaban mutane, 'yarmu ce ta kasa. Ba zan kore shi ba. Amma ba zan sa rana ba sai ya kawo min lasin da aiki a hannu."

Hajiya ta ɗauke mata wuta. Gaisuwa ma da ƙyar take amsawa.

Fatihu ya tafi a Janairun 2012. Makon farko amai ya yi ta yi, igiya ta yayyage masa tafin hannu. Jarrabawar taswira ta kayar da shi a karon farko. Da Hajiya ta tambaya cikin gatse ko kyaftin ya gama, Radiyya ta ce, "Ya faɗi, Hajiya. Zai sake." A karo na biyu ya haye, ya samu aikin mataimakin kyaftin, suna kai wa masu jirage jiragensu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Duk da haka Hajiya ta ce ba ta ga aiki ba tukuna.

Wata rana da kaka su Fatihu suna hanyar kawo wani jirgi daga Florida, guguwa ta taso, waya ta daina shiga. Radiyya ta dawo daga makaranta idanu jajur. A falo ta tarar da Hajiya kan sallaya, carbi a hannu, talabijin a tashar masu hasashen yanayi.

"Yaron nan ya kira?"

"A'a, Hajiya."

"Yi alwala ki zo."

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara. Sun fake a wata tasha, kowa lafiya. Radiyya ba ta gama hamdala ba Hajiya ta fizge wayar.

"Kai Fatihu! Haka ake yi? Ka sa hawan jinina ya tashi!" Muryarta ta karye. "Ka dawo gida, ɗana. In ka iso ka turo manyanka, Alhaji na jira."

A bazarar 2013 aka ɗaura aure, Kawu Ɗanliti ne ma Abba ya wakilta ya zama waliyyi. Ba a daɗe ba Fatihu ya samu jirgin da yake kyaftin a kansa a ruwan Chesapeake, kusa da gida.

Ya ku 'yan mata, sana'ar halas ba abin kunya ba ce, ko da mutane ba su saba jin sunanta ba. Abin kunya shi ne ki bi bakin jama'a ki tozarta wanda ya amince da ke. In kuma kin yi kuskuren, ki durƙusa ki gyara da wuri, sannan ki yi haƙuri da abin da ya biyo baya, kamar yadda Radiyya ta yi.