Ƙarfen da Arzika Ya Ciro a Dajin Azagor

Ran nan Talata ce, rana ta yi ƙasa, hayaƙin tuwo ya fara tashi daga gidajen da ke bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro. Arzika yana kwance bisa tsohuwar tabarma a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Motar nan tsohuwar kat-kat ce fara, irin mai shiga rairayi, kuma ita ce gonar gidan, domin gero bai yi ba shekara biyu a jere. Da ita yake kai ƴan kasuwa Korahane da Ɗan Gulbi. Wata guda ke nan tana kwance. In ya murɗa makulli sai ya ji ƙas, shi ke nan. Demarar, wato ƙarfen da ke juya inji har ya tashi, shi ne ya mutu, sabo kuwa ya fi ƙarfinsa. Wani makiyayi ne ya ba shi labarin gawar wata mota irin tasa da ta yi shekaru a dajin Azagor, rairayi ya cinye rabinta. Arzika ya je, ya tone rairayi, ya kwance demararta ya naɗe a buhu. Bai yi sallama ba da ya isa wurin, bai kuma nemi izini ba. Wa ke yi wa ƙarfe sallama?

Tun la'asar yake aikin. Ya cire kan batir, ya kwance wayoyi, ya sha fama da ƙusar sama wadda hannu ba ya kaiwa sai da dabara. Ya sauke tsohon, ya ɗaga na dajin ya zaunar da shi. Ya ji ƙarfen da ɗan ɗumi a tafin hannunsa, ya ce zafin rana ne.

Yana ɗaure waya ta ƙarshe aka fara kiran salla. Matarsa Hamsatu ta leƙo daga madafa.

“Maigida, bari sai da sahe. Magariba ta yi.”

“Murɗawa guda ce, Hamsatu. In ji ta tashi, in yi salla da kwanciyar rai.”

Ya shiga, ya murɗa. Ƙarfen ya juya, sai wata ƙara siririya ta fito daga ƙarƙashin motar, irin ta jariri da aka taka. Ta yanke nan take. Inji ya tashi.

Arzika bai gama murmushi ba ya ji tulu ya fashe. Ɗiyarsu Rahinatu, mai shekara goma sha uku, tana tsaye a bakin zaure da ruwan da ta ɗebo, hannunta na dama ya saki kamar tsumma. Tana duban motar, amma da idon da ba nata ba.

Daga ranar gidan ya canza. Kullum in rana ta faɗi, sai duwatsu su fara sauka bisa kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Maƙwabta suka hau katanga suka duba, ba kowa. In duwatsun sun tsaya, sai a ji mace tana rarrashin yaro a ƙarƙashin motar, a hankali, har a yi isha'i. Rahinatu ta bar ci, ta bar magana. In an saki hannunta sai ta rarrafa ta kwanta ƙarƙashin injin, ta kafa kunnenta jikin ƙarfen. An kai ta likita, aka auna, aka ce ba a ga komai ba.

Rana ta shida Arzika ya ɗauko Malam Yusufu daga Korahane, tsoho mai ƙaramar murya wanda ya daɗe yana aikin fitar da aljanu. Bayan la'asar malam ya sa aka zaunar da yarinyar a tsakar gida, uwarta na riƙe da ita. Ya zuba turare a garwashi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta kai ƙafar motar kafin bakin Rahinatu ya buɗe, muryar babbar mace ta fito, a dushe, kamar wadda ta gaji da kuka.

“Ya isa, Malam. Ina jinka.”

“Baiwar Allah, ke wace ce? Mi yarinyar ga ta yi maki?”

“Ba ta yi mani komi ba. Tambayi ubanta.”

Arzika ya durƙusa. “Wallahi ban san ki ba.”

“Ai da ka yi sallama da ka san ni. Motar can gidana ce. Na kwantar da jaririna cikin ƙarhen nan saboda inuwa, na tahi ɗibar ruwa. Na dawo na iske rami. Kwana biyu ina bin sawunka. Na iso ƙohwar gidanka ina jin kukanshi, saura taki uku in ɗauke shi, sai ka murɗa.”

Hamsatu ta rufe fuska da gyale.

“Allah ya ba ki haƙuri,” in ji malam. “Mi kike so?”

“Ɗiya a madadin ɗa.”

“Wannan ba shari'ar Allah ba ce. Kuskure ya yi, ba ganganci ba.”

Ya ɗaga murya ya koma karatu. Jikin yarinyar ya sandare, ta yi ihu har awakin maƙwabta suka amsa.

“Ƙona ni, Malam! Amma ka sani tare da ita za mu ƙone. Ni ba abin da ya rage mani da nike tsoron rasawa.”

Malam ya dubi yarinyar, ya ga numfashinta yana yankewa. Ya dakatar da karatun. Sannan ya ce, “To, faɗi abin da za a iya.”

“Ya maida ƙarhen inda ya ɗauko, da ƙahwa, in binne ɗana. Motar ga kuma jinin ɗana ya shiga cikinta. Ran da injinta ya sake tashi, ko a hannun wa, ko a wane gari, ina dawowa in ɗauki yarinyar, kuma ba malamin da zai tsaida ni.”

“Da ita nike ciyad da su,” in ji Arzika, da ƙyar.

“Zaɓi.”

Ya dubi motar, ya dubi ɗiyarsa. “Na yarda.”

“Hannunta hwa?” in ji malam. “Ki sakar mata.”

“Da shi na kama ta, shi zan riƙe. Malam, ni mi anka bar mani?”

Rahinatu ta yi atishawa sau uku, ta faɗi jikin uwarta. Da ta farka ta ce, “Inna, ruwa.” Ta karɓi moɗa da hagu.

Washegari Arzika ya sake shiga ƙarƙashin motar, ya kwance abin da ya ɗaura, ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar arewa. Da ya dawo ƙafafunsa sun fashe. Duwatsu sun bar sauka. Hannun Rahinatu bai sake ɗaguwa ba.

Kafin wata ya mutu rumbu ya ƙare. Wani dillali daga Maraɗi ya zo har sau biyu yana neman motar, ya ce ko injin kaɗai a sayar masa. Arzika ya ce a'a, bai kuma faɗi dalili ba. Amma ya san dole ya tafi cin rani, ya kuma san abin da yunwa ke sa mutane yi in mai gida ba ya nan, ko matarsa, ko ƴan'uwansa, ko shi kansa in ya dawo hannu sake.

Ranar da zai tafi, da hantsi, ya ɗaga kapo, wato marufin gaban motar, ya buɗe murfin da ake zuba wa inji mai. Ya damƙo rairayin tsakar gida ya fara ɗura shi ciki. Hamsatu ta fito ta gan shi. Sannan ta koma ɗaki ta ɗauko ƙwaryar awon gero, tunda ba abin da za a auna da ita, ta ciko ta da rairayi ta miƙa masa.