Ƙurar Katako

Ta ɗiga abin da ke cikin kwalbar a bayan hannunta, ta miƙa masa.

"Shinshina ka gaya mini, Kafinta."

Ya ajiye zarto, ya sunkuya, ya ja numfashi har da lumshe ido.

"Kai, Mai Turare... wannan ya fi duk waɗanda kika taɓa haɗawa."

"Ruwa ne," in ji ta. "Ruwan famfo."

Ya ɗago kai a hankali. Duk turaren da ta haɗa a shagonta na tsallaken titi, shi take fara kawo wa, shi kuma kullum yabonsa iri ɗaya. Mai kemis na kusa da su, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya dasa mata zargi: namijin da bai kula da ƙamshinki ba, hankalinsa yana wani gidan.

"Ashe duk yaudarata kake yi."

"Ba na jin ƙamshin komai, masoyiyata. Kunya ce ta hana ni faɗa. Da wane baki zan gaya wa mai turare..."

Bai ƙarasa ba jini ya ɗigo daga hancinsa na hagu, ya sauka kan katakon da yake gogewa. Ya share da hannun riga kamar gumi.

"Ƙurar katako ce. Wane kafinta kika taɓa gani hancinsa a buɗe?"

Ta ga jinin sarai, amma fushi ya fi idonta ƙarfi. Ta juya ta fita.

Watanni suka shuɗe ba ta ɗaga wayarsa ba. Shi kuwa ya ci gaba da sayen maganin ɗigawa a hanci a wurin mai kemis, wanda bai taɓa ce masa ya ga likita ba. Mugunta ce ko rashin sani, ta kasa rabewa.

Yayarsa ce ta zo ta same ta tana jera kwalabe.

"Ƙanwata, in kina da sauran magana da shi, yana asibiti."

Da ƙyar ta gane shi. Idonsa na hagu ya ɗan turo waje, yana ta zubar da hawaye shi kaɗai, ɗayan a bushe.

A ofis, likita ya yi musu bayani ita da yayar, a hankali.

"Mura ba ta zaɓar gefe guda ta yi zamanta. Toshewar gefe ɗaya, yawan haɓo, ɗaukewar jin ƙamshi, gani biyu-biyu, duk alamun ƙari ne. Akwai mai laushi da ake cirewa a huta, akwai mai dawowa, akwai na ciwon daji. Nasa na daji ne. Ya fara a kogon da ke tsakanin hanci da ido, kuma ya taɓa idon. Masu aikin katako sun fi haɗuwa da irinsa."

"Likita... da ya zo ranar da na ga jinin fa?"

Likita ya dube ta.

"Zuwa da wuri ya fi," kawai ya ce.

A gida, da ta tayar da maganar aurensa, Ummanta ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

"Ba ƙinsa nake ba, 'yar nan. Aure za ki yi ko jinya? An ce za a cire ido, kuma ba a ce zai tashi ba."

"Umma, da ni ce a kwance fa?"

"Da na durƙusa na roƙe shi kada ya guje ki. Amma ke na haifa, ba shi ba."

Ta nemi inda maganar Umma ta karkace, ta rasa.

Da ta koma asibiti, ya daɗe yana kallonta.

"Ku biyu nake gani, duk masu kyau. Wacce ce tawa?"

Ba ta yi dariya ba.

"Gaya mini gaskiya, zuciyata. So ne ya dawo da ke, ko ganin laifin kanki? In laifi ne na yafe, ki tafi abinki."

"Ban sani ba," ta ce. "Sun cakuɗe mini. Abin da na sani, in na fita daga ɗakin nan ba na iya numfashi."

"Ido ɗaya za a bar mini fa."

"Dama in za ka duba miƙewar katako, ba ɗaya kake rufewa ba?"

Ya yi dariya har haɓon ya dawo, ta tare masa da gefen mayafinta.

Aka ɗaura auren ana jibi tiyata. Umma ba ta hana ba, ba ta kuma ce ta yarda ba; da safiyar ranar tiyatar dai ta aiko da bargo da ruwan zafi.

Aka turo gadonsa har bakin ƙofa mai gilashi. Nas ta tsayar da ita da hannu.

"Nan ne iyakarki. Ke wace ce tasa?"

"Matarsa."

Karon farko ke nan da kalmar ta fita daga bakinta, kuma bai ji ba, allura ta riga ta ɗauke shi.

Ƙofa ta rufe. Ta zauna a benci da bargon a cinya, ba abin da ya rage mata sai jira.