Hular da Ya Tuɓe wa Babanta

Dutse ne ya haɗa su. Wani ƙaton dutse ne ya tarwatsa gilashin shagon buga takardu na babanta, bayansa sai ga saurayi ya faɗo ciki, jini na tsiyaya daga girarsa, koriyar hula a hannunsa.

"Don Allah ki ɓoye ni, 'yan farar hula ne ke bi na!"

Bawan Allah, an gudu ba a tsira ba. Fastocin da injin ke fitarwa a gabansa duk na ɗan takarar 'yan farar hula ne, mai shagon kuwa shi ne shugabansu. 'Yar mai shagon ta tura shi bayan tulin takardu ta tsaya a ƙofa. Samari suka iso da gora da sarƙar babur.

"Ina ɗan koren nan?"

"Ku ne kuka fasa gilashin shugabanku? Bari in kira shi."

Suka watse sumui-sumui. Ta dawo ta danne masa gira da tsumma, yatsunta duk baƙin tawada. Shi kuwa ya manta da ciwo, ya zuba mata ido.

"Ya sunanki?"

"Ba ruwanka."

"To na raɗa miki Tawada. Ni Lasifika ake ce mini, ni ke tuƙa motar yawon kamfen ɗin 'yan kore."

"Ashe kai ne mai hana mu sakat da surutu." Ta ɗaure fuska, amma dariya ta ci ƙarfinta.

'Yan fara da 'yan kore duk jam'iyya ɗaya ce, wauta irin tata kuwa sai a tona. Jam'iyya ce ta masu ra'ayin riƙau, kullum wa'azinsu ladabi da girmama na gaba. Zaɓe na ƙaratowa ta dare gida biyu a kan ɗan takara. Dattawa suka ce sai tsohon da suka saba da shi, matasa suka ce an yi musu ƙarfa-ƙarfa. Tuta ɗaya, riga ɗaya, taken ma ɗaya, hula kaɗai ta bambanta su: dattawa fara, matasa koriya. A kan hular nan aka ƙona motoci, aka karya ƙafafu, wa da ƙani suka daina gaisawa.

A cikin wannan wutar soyayya ta tsiro. Yana zagaya gari da motarsa, in ya zo layinsu sai ya rage ƙarar waƙa, saƙo ya shigo wayarta:

"Tawadata, yau an jefe ni da kwalba, amma na wuce ƙofarki na warke."

Ta mayar masa: "Mai surutuna, ka kula mini da kanka. Kai ɗaya gare ka, kuma nawa ne."

Da maganar ta kai kunnen Baba, kujera ya shura har ta kife.

"Ɗan kore? A gidana? Yaran da suka kira ni tsohon banza a lasifika? Ga Sakatare nan, yaro mai ladabi, tun yaushe yake nemanki!"

"Baba, wallahi bai taɓa zaginka ba."

"Rufe min baki! In na ga koriyar hula a ƙofar nan, da ita da kan da ke cikinta sai an kwashe su daban-daban."

Sakataren ɓangaren dattawa mutum ne mai daɗin baki da durƙuso har ƙasa, amma Tawada ba ta taɓa jin sa a ranta ba. Ta yi kuka har ta gode Allah, Mama na ba ta haƙuri.

Ranar da aka kira taron sulhu a ofishin jam'iyya, kowane ɓangare ya sauke 'yan daba na haya daga nesa, cike da manyan motoci. Ba su san fuskar kowa ba, hula kawai aka nuna musu. Kafin a gama addu'ar buɗe taro wani ya wurga kujera. Adduna suka fito, tagogi suka zube, mutane na taka juna a matakala, jini har jikin tutar jam'iyya.

Da la'asar Baba ya dawo gida, riga a yage, kai ba hula. Kai tsaye ya shige ɗaki. Can sai ga bidiyo daga Sakatare a wayar Tawada. Gajere ne: Baba a manne da bango, Lasifika ya kai hannu ya fizge masa farar hula daga kai. A nan ya yanke.

Ji ta yi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Nan take ta rubuta masa:

"Ubana ka tuɓe wa hula a bainar jama'a? Na ɓoye ka da hannuna, ashe maciji na ɓoye. Kada ka ƙara nemana har abada."

Amsa ba ta zo ba. Motarsa ma ba ta sake wucewa ta layin ba. Ta rame, ta daina cin abinci, Sakatare kuwa ya mayar da falon gidan wurin hirarsa. Baba na kallon 'yarsa tana lalacewa, yana kawar da kai.

Mama ce ta tono zancen. Ta zo wanke yagaggiyar rigar nan, sai ta zaro koriyar hula daga aljihu. Ta dire ta a gabansa, a gaban 'yar.

"Malam, wannan fa? Yaushe ka koma kore?"

Baba ya daɗe yana kallon hular, sannan idonsa ya ciko.

"'Yan daban kore sun rutsa ni a lungun bayan ofis," ya ce. "Sakatare ya jefar da hularsa ya dira ta taga, daga can ya tsaya ɗaukar hoto. Sai yaron nan ya iso. Ya ce, 'Baba, hula suka sani, ba su san fuska ba, kuma sun ga fara ta shigo nan.' Ya cire tawa ya ɗora mini tasa. Ya sa tawa a kansa ya fita da gudu, suka rufa masa baya. Ina jin ƙarar gora a jikinsa, ni kuwa na bi ta tsakiyarsu suna buɗa mini hanya."

"Shi ne ka yi shiru?" in ji Mama.

"Kunya ce. Ni, shugaba, a ce hular 'yan kore ta cece ni?"

Tawada ba ta tsaya jin ƙarshe ba, takalmi ma wari da wari ta saka.

A asibiti ta same shi, kai a naɗe, hannu a ɗaure, wayarsa tun ranar ta zama tarkace. 'Yan daban ɓangarensa ne suka yi masa haka, waɗanda suka biyo bayan motarsa ba tare da sun san fuskarsa ba. Likita ya ce kunnensa na hagu ba zai ƙara ji ba. Ta durƙusa ta fashe da kuka.

"Ka yafe mini, na tura maka mugun saƙo."

"Ban gani ba, Tawadata. Wanda ban karanta ba, ba ki rubuta ba."

Sai ga Baba a bakin ƙofa, kai ba hula, koriyar a hannunsa. Ya tako ya ajiye ta a kan gadon.

"Ga hularka, ɗana. Ka warke ka turo magabatanka."

Zaɓe ya zo, fara da koriya duk suka sha ƙasa, wata jam'iyya ta kwashe kujerar, Sakatare kuwa shi ya fara komawa can. Ranar ɗaurin aure Baba ya sa aka ajiye kwando a ƙofar gida, ya ce duk mai hular siyasa ya jefa ta ciki kafin ya shigo. Wa da ƙani suka zauna a tabarma ɗaya, suna satar kallon juna.

Da aka shafa fatiha, Baba ya ɗora tafinsa a kan dogon tabon da ke kan ango.

"Wannan saran nawa ne, kai ka karɓar mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'ar da za ta san fuskar mutum kafin hularsa."

Jama'a suka amsa da amin. Da aka kai amarya, ta matso ta raɗa masa magana, ya yi murmushi ya juyo mata ɗaya kuncin.

"Ta nan, Tawadata. Wancan kunnen na ba wa Baba."

Ta zagayo ta kunnen dama, hawaye na bin fuskarta, ta sake faɗa masa tana son sa, da ƙarfi yadda zai ji.