Mai Kitso Ta Dawo Daga Kabari

Da rana tsaka Mai Kitso ta shigo layinsu tana jan ƙafa, rabin fuskarta duk tabon wuta, sai layin ya yi tsit kamar ruwa ya ci gari. Mai shago ya bar sikelinsa yana lilo, ya faɗa ciki ya ja ƙofa. Matar tela, wadda ta sha zama tsakanin gwiwoyinta ana yarfa mata kitso, ta saki bokitin ruwa ta ce, "A'uzubillahi!" ta ruga ba ko takalmi. Tagogi suka riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya, har ba a jin komai sai ruwan bokitin nan yana gangarawa cikin kwata.

"Ni ce fa... jama'a, ni ce!" ta faɗa da dusasshiyar murya, don hayaƙi ya riga ya cinye mata maƙogwaro. 

Baiwar Allah ba ta san an daɗe da binne ta ba! Motar da suka shiga da mijinta ce ta kama da wuta a hanya. Shi ya rasu nan take, ita kuwa aka kwashe ta zuwa asibitin wani gari, aka naɗe ta da bandeji, ba baki ba ido, tsawon watanni. Marainiya ce, ba ta da mai cigiyarta sai dangin miji. Ƙanin mijin ne ya je ya dawo da gawa biyu da ba a gane su, ya ce ga wansa ga matarsa. Aka yi zaman makoki, ya fi kowa kuka, kafin hawaye su bushe ya tare a gidan da sunan riƙon marainiya, 'yarsu guda ɗaya da uwar ke kira Tsuntsuwa.

Da ta isa ƙofar gidanta, shi ta tarar a tsaye, yarinyar na bayansa, gashinta ya cukurkuɗe kamar sheƙa. Bai razana ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Ya yi gyaran muryar nan tasa mai kama da tarin akuya, ya sunkuya ya ce wa yarinyar, "Kin gani ko? Abin da na faɗa miki ke nan. Ba Ummanki ba ce, aljana ce ta ari fuskarta. Hannunta sanyi ƙalau kamar ƙanƙara, in ta taɓa ki sai ta tafi da ke kabari."

Tsuntsuwa ta ƙwalla ƙara ta ruga ciki tana kiran, "Baffa, ka kore ta!" Wayyo! Wutar mota ba ta ƙona Mai Kitso kamar wannan ƙarar ba. Ta durƙushe a ƙasa tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata, ina raye..." Gyaran muryar nan kuwa ya tsaya mata a kunne. A asibiti, lokacin da ba ta gani ba ta magana, ta taɓa jin irinsa a kanta, ta ɗauka mafarki ne.

Daga nan wahala ta buɗe mata ƙofa. Ta kwana a rumfunan kasuwa, yara na jifan ta daga nesa. In ta miƙa hannu sayen abu, sai a ajiye mata a ƙasa a ja da baya. Ta je wajen hukuma, aka ce ta kawo shaidar cewa ita ce, alhali komai nata ya ƙone. Har ta fara duba inuwarta a bango, tana tambayar kanta ko dai gaskiyarsu ce. Wata mai shara ce ta tausaya mata, ta nuna mata ofishin wata ƙungiya mai kare haƙƙin mata, can ƙarshen wani lungu, ɗaki biyu da kekunan ɗinki da fanka mai kuka.

Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta kama hannayenta biyu ta riƙe. Mai Kitso ta fashe da kuka, don tun fitowarta asibiti ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ta. Lauyar ƙungiyar ta ce gobe za ta shigar da ƙara. Inna ta ce, "Shigar, 'yar nan. Amma alƙali gida zai ba ta, ba zai cire tsoro daga zuciyar yarinya ba. Mu za mu yi irin namu, zama za mu je."

Haka suke aikinsu. In an ƙi mace a unguwa, sai su ɗauki tabarmi su je su zauna da ita a bainar jama'a, ba zagi ba faɗa. Suka shimfiɗa a ƙofar gidan, Mai Kitso ta hau kujera 'yar tsugunno, matan ƙungiya suka riƙa zama gabanta ɗaya bayan ɗaya tana yi musu kitso. Layin ya zama kamar maƙabarta, ba motsi sai idanu ta ramukan ƙofa. "Yau ga fatalwa mai ja wa mutum gashi da zafi," in ji Inna da ƙarfi, "sassauta mini, ƙeyata ba ta ƙarfe ba ce!" Wani ya yi dariya a bayan katanga ya yi maza ya haɗiye. Kullum kuwa labulen tagar sama yakan ɗan motsa, Mai Kitso ta san ko wace ce, sai hawaye su sauka a kan wadda take yi wa kitso.

Rannan layi ya zo kan wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙungiyar reshen wancan garin, wadda lauya ta nemo don ta shaida jinyar da aka yi. Ana tsakiyar tsaga, Baffa ya fito a fusace, ya yi gyaran muryarsa zai fara masifa. Ma'aikaciyar jinyar ta miƙe da rabin kitso.

"Kai ne! Wallahi kai ne! Na kai ka bakin gadonta, na nuna maka zoben da muka cire daga yatsanta, ka juya shi a hannunka, ka yi wannan tarin, ka ce, 'Ba tamu ba ce.' Bawan Allah, gawar wa ka kai aka binne?"

 Ƙofofin da suka daɗe a rufe suka fara buɗewa, matar tela ta fito tana salati tana neman gafara. Baffa ya juya zai sulale, mai shago da tela suka tare hanya, suka riƙe shi har 'yan sanda suka iso. Daga baya kotu ta ɗaure shi, ta mayar wa mai gida gidanta. Matar da aka binne a madadinta kuwa, ƙungiyar ta shiga neman danginta, Mai Kitso kuma ba ta taɓa yin sallah ba tare da ta sa ta a addu'a ba.

Amma a ranar ba wannan ne a ranta ba, ƙofa kawai take kallo. Can sai ga Tsuntsuwa ta fito, tana tako ɗaya tana tsayawa, da gashin nan da ta hana kowa taɓawa tun ranar makoki. Mai Kitso ba ta kira ta ba, ba ta miƙa hannu ba, ta dai buɗe gwiwoyinta kamar yadda ta saba. Yarinyar ta zauna, ta runtse ido tana jiran ƙanƙara. Yatsu suka sauka a hankali, suka shafa bayan kunnenta kafin tsagar farko, yadda ake yi mata tun tana goye.

Tsuntsuwa ta kamo hannun ta manna a kumatunta, ta ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe.

"Umma... hannunki da ɗumi!"